Fosfet ko bikabonet: wanne ne ke riƙe da tsamin jini?

Zainab K.
Assalamu alaikum. Malamai, ga wata tambaya da ta tsaya mini a rai. An koya mana cewa bafa, wato haɗin sinadaran da ke hana tsamin ruwa sauyawa farat ɗaya idan an zuba masa asid, ya fi aiki idan lambar pKa ɗinsa, wato matakin tsamin da rabin sinadarin ke sakin asid ɗinsa, tana kusa da pH ɗin ruwan, wato ma'aunin tsami da lambarsa ke sauka idan tsami ya ƙaru. To jinin mutum yana kan 7.4. Fosfet yana da pKa na tsakiya 7.2, bikabonet kuma 6.1. Ko makaho ya laluba ya san 7.2 ta fi kusa da 7.4. Amma duk littafin da ka buɗe sai ka tarar an ce bikabonet ne babban mai tsaron jini, fosfet kuwa a ambace shi a layi ɗaya a wuce. Ƙa'idar ce ba ta cika ba, ko akwai abin da ba a faɗa mana ba?

Malam Habu
Wa alaikumus salam. Madalla da wannan tambaya, 'yata. Ƙa'idar nan lafiyarta ƙalau, rabinta kawai aka ba ki.

Mu fara da fosfet ɗin kansa. Asid ɗin fosforik, wanda fosfet ke fitowa daga gare shi, yana da H+ (ƙwayar haidurojin mai caji, wadda ita ke kawo tsami) guda uku da zai iya saki, kuma ba ya sakin su a lokaci guda. Na farko yana fita a kusan pH 2.1, na biyu a 7.2, na uku sai an kai wajen 12.3. Saboda haka a duk ruwan da abu mai rai ke zaune a ciki, na farko ya riga ya tafi, na uku kuma ba zai motsa ba. Na tsakiyan nan shi ne ke shige da fice. Idan tsami ya ƙaru, HPO4 mai caji biyu ya kama H+ ya koma H2PO4 mai caji ɗaya. Idan tsami ya ragu, ya sake shi. A cikin jini, saboda gishirin da ke ciki da ɗumin jiki, lambar tana sauka zuwa kusan 6.8, don haka a 7.4 za ki samu huɗu na mai caji biyu a kan ɗaya na mai caji ɗaya. Wannan matsayi ne mai kyau ƙwarai ga bafa.

Matsalar ita ce yawa. Fosfet ɗin da ke yawo a ruwan jini bai wuce kusan milimol 1 a lita ba (milimol ma'auni ne na yawan ƙwayoyin sinadari). Bikabonet kuwa 24. Komai ƙwarewar ma'aikaci ɗaya ba zai yi aikin mutum ashirin da huɗu ba.

Zainab K.
Na gane batun yawa, Malam. Amma ko da yawan, 6.1 ta yi nisa fa. An ce idan tazarar ta wuce ɗaya, bafa ya zama kusan ba shi da amfani. Tsakanin 6.1 da 7.4 akwai 1.3.

Dakta Rabi
Allah ya gafarta Malam, bari in sa baki a nan, don wannan shi ne abin da muke kallo kullum a takardar gwajin jini.

Ƙanwata, abin da kika faɗa gaskiya ne idan a cikin kwalba rufaffiya ake magana. Jiki ba rufaffiyar kwalba ba ne. Idan bikabonet ya kama H+, abin da ke fitowa shi ne ruwa da iskar CO2, ita kuma CO2 huhu yana fitar da ita a numfashi na gaba. Ɗauki alƙalami ki lissafa da kanki. Jini na lafiya: bikabonet 24, narkakkiyar CO2 1.2, wato ashirin a kan ɗaya, shi ya ba da 7.4. Yanzu ki zuba milimol 5 na asid a lita ɗaya, ki ɗauka babu wani bafa sai wannan. Idan kwalbar a rufe take, bikabonet ya koma 19, CO2 ta haura 6.2, pH ya faɗo wajen 6.6. Wannan lamba ce da ba a daɗewa a kanta da rai. Amma idan huhu ya kwashe rarar CO2 ya bar ta a 1.2, lissafin 19 a kan 1.2 ne, pH ya tsaya a 7.3. Asid ɗaya, adadi ɗaya, amma dubi bambancin.

Fosfet kamar randa yake, idan ta cika ta cika. Bikabonet kuwa magudana ce, ana zubawa yana wucewa. Da a ce fosfet kaɗai ne a jinin, kafin ki gama zuba milimol ɗaya ya ƙare.

Kuma huhun ba ya tsayawa a nan. Wanda ciwon suga ya tsananta masa har asid ya taru a jininsa, za ki gan shi yana jan numfashi mai zurfi, ƙirji na ɗagawa yana sauka ba ƙaƙƙautawa, alhali huhunsa lafiya lau. Jiki ne ke ƙoƙarin korar CO2 ƙasa da yadda aka saba don ya ja pH sama. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen gadon irin wannan majinyaci ba ya manta sautin numfashin.

Malam Habu
Ga shi Dakta ta ƙarasa miki ɗaya rabin. Sai dai kada a manta da hemogulobin da sauran furotin na jini, su ma suna ɗaukar kaso mai tsoka. Ba mutum biyu kaɗai ke cikin gasar ba.

Sadiq
To tunda ana maganar tsamin jini, ni dai abin da na sani shi ne yawancin cututtukan zamani daga tsamin jiki suke. Shi ya sa ake shan ruwan alkalin mai pH 9, yana wanke asid ɗin da ke jini. Na ga bidiyo da yawa a kan haka, har da waɗanda suka ce sun warke.

Hassana
Sadiq, ka zo kenan. Dakta, ga naki.

Dakta Rabi
Ƙanina, zo mu yi lissafi, ba faɗa ba. Lita guda ta tsantsar ruwa mai pH 9 tana ɗauke da abin da zai kashe asid milimol 0.01 kacal. Ruwan da ke cikin tumbinka yana kai pH 2, wani lokaci ƙasa da haka. Mililita ɗaya tak ta ruwa mai pH 2 ta isa ta shafe alkalin ɗin litar nan gaba ɗaya. Mililita ɗaya, ko cokalin shayi ba ta cika ba. Idan an narka bikabonet a ruwan zai ɗan fi haka jurewa, amma abin da ya tsallake ya shiga jini ƙoda za ta zubar da shi a fitsari.

Jinin mai lafiya yana tsakanin 7.35 da 7.45. Wanda nasa ya fita daga nan da gaske ba ya kallon bidiyo, yana kwance a asibiti ne.

Sadiq
Amma Dakta akwai wanda ya gwada fitsarinsa da takardar gwaji kafin ya fara sha da bayan ya sha, kuma launin ya canza. Wannan ba hujja ba ce?

Dakta Rabi
Hujja ce, amma a kan cewa ƙodarsa tana aiki. Fitsari yana yawo daga pH 4.5 har zuwa 8 daidai don kada jini ya yi yawo. Kuma wannan ya kawo mu inda fosfet yake da sarauta, don kada Zainab ta tafi da tunanin cewa ba shi da wani aiki.

A kowace rana jiki yana samar da asid iri biyu. Akwai CO2, milimol dubu goma sha biyar ko kusa da haka, huhu ya ji da ita. Akwai kuma wanda ba ya tashi a iska, irin asid ɗin salfa da ke fitowa idan an narka furotin, kusan milimol ɗaya a kan kowane kilo na nauyin mutum, a ce 70 ga babba. Wannan dole ta fitsari zai fita. To ƙoda ba ta iya sauke pH ɗin fitsari ƙasa da 4.5, kuma a 4.5 sakakken H+ da ke lita guda bai wuce milimol 0.03 ba. Raba 70 da 0.03 ka gani. Sai mutum ya yi fitsarin da ya haura lita dubu biyu a yini kafin ya rabu da asid ɗin rana ɗaya. Abin da ya cece mu shi ne H+ ba ya fita shi kaɗai, a goye yake fita. Fosfet ɗin da aka tace daga jini yana shiga bututun ƙoda da caji biyu, ya ɗauki H+ a hanya, ya fita da caji ɗaya. A can ruwan yana raguwa, fosfet yana kauri, pH kuma yana ratsa 6.8 ɗin nan daidai. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kayan shi ke ɗauka, sauran amoniya ta ɗauka.

Malam Habu
Sannan a cikin ƙwayar halitta. A can pH yana wajen 7.2 ko ƙasa kaɗan, kuma sinadarai masu ɗauke da fosfet sun ninka na ruwan jini sau da yawa. Saboda haka amsarki a taƙaice, 'yata: a jini bikabonet, a cikin ƙwayar halitta fosfet da furotin, a fitsari fosfet da amoniya.

Amma ni a ganina, wanda ya tsaya a kan aikin bafa bai ga babban dalilin da ya sa rayuwa ta dogara da fosfet ba. Dubi DNA. Kowane harafi an ɗaure shi da na gaba da fosfet. Fosfet ɗin ya miƙa hannu biyu ya riƙe maƙwabta biyu, kuma har yanzu yana da sauran wuri ɗaya mai caji, saboda H+ ɗin wurin tun a pH 2 ya tafi. Wannan caji yana aiki biyu. Na farko, yana korar duk wani abu mai caji irin nasa da zai zo ya tsinka ɗaurin, shi ya sa ake iya karanta DNA daga ƙashin da ya shekara dubbai a ƙasa. Na biyu, abu mai caji ba ya ratsa tantanin ƙwayar halitta, don tantanin na maiƙo ne. Shi ya sa da gulukos ya shiga, abu na farko da ake yi masa shi ne a liƙa masa fosfet, shikenan ba shi da hanyar fita. Frank Westheimer na jami'ar Harvard ya baje wannan hujja a 1987, kuma har yau ban ga wanda ya kawo wadda ta fi ta ba.

Hassana
Malam, wannan ya tuna mini da hayaniyar 2010, lokacin da wasu masu bincike suka ce sun samo ƙwayar bakteriya a tafkin Mono na Kalifoniya da ke gina DNA ɗinta da asenik a madadin fosforas, sinadarin da ke tsakiyar fosfet. Kafafen labarai suka ɗauka kamar an gano sabuwar halitta. Masana sinadarai kuwa tun ranar suka girgiza kai, domin ɗaurin asenet, wato takwaran fosfet mai asenik, a cikin ruwa ko daƙiƙa ɗaya ba ya kaiwa yake warwarewa. A 2012 wasu ƙungiyoyi biyu suka maimaita aikin, suka tarar ƙwayar fosfet ɗinta take ci, ta dai ƙware ne wajen tsinto ɗan kaɗan ɗin da ke wurin.

Nura Mai Kifi
Salamu alaikum malamai. Ku yi haƙuri in ja ku daga jini zuwa kududdufi, don ni abin da ya dame ni kenan. Ina kiwon kifi. Ruwan ya yi kore shar, har idan na tsoma hannu zuwa gwiwar hannu ba na ganin tafina. Da asuba sai in tarar kifin sun taso sama suna buɗe baki, wasu sun juya ciki. Na sayi abin gwaji. Da sassafe pH yana wajen 7, da la'asar ya haura 9. Wani ya ce mini fosfet ne ya yi yawa shi ke canza pH ɗin. To yanzu na ji kuna cewa fosfet hana pH motsi yake yi. Wanne zan kama?

Injiniya Lawal
Malam Nura, sannu da ƙoƙari, Allah ya mayar da alheri. Ruwa ba ya tsami banza, kuma wanda ya ce maka fosfet ne bai yi ƙarya ba, ya dai tsallake matakai.

Fosfet ɗin da ke cikin kududdufinka ya yi kaɗan ƙwarai a ce shi da kansa ya motsa pH ko ya riƙe shi. Da miligiram ake auna shi a lita, sau da yawa ma ƙasa da haka. Aikinsa a nan ciyarwa ne. Koren nan da kake gani ƙananan tsirrai ne, gansakukar ruwa, kuma a yawancin ruwan daɗi abin da ke taƙaita yaɗuwarsu shi ne ƙarancin fosforas. Alfred Redfield ya nuna tun 1934 cewa jikin irin waɗannan halittu yana da tsari kusan tsayayye, wanda aka saba rubutawa da kabon 106, naitirojin 16, fosforas 1. Ma'ana ƙwayar fosforas ɗaya tana buɗe ƙofa a zuƙe kabon fiye da ɗari daga ruwa. Daga ina kabon ɗin yake fitowa? Daga CO2 da ta narke a ruwan, wadda ita ce ke ba shi ɗan tsaminsa. Rana na fitowa su fara zuƙa, tsami ya yi ta raguwa, da la'asar ka ga 9 ko fiye. Dare ya yi su daina, su koma numfashi kamar kowa, su da kifin da bakteriyar ƙasa duk suna shan oksijin suna fitar da CO2. Kafin asuba pH ya sauko, oksijin ya ƙare. Abin da ke taso da kifinka sama da asuba rashin iska ne.

Da la'asar kuma wani haɗarin ne daban. Kashin kifi da ragowar abin da ba su cinye ba suna sakin amoniya. A ruwa tana da fuska biyu, mai caji wadda ba ta cika cutarwa ba, da marar caji wadda ke ratsa tantani ta shiga jinin kifi. A ɗumin digiri 25, idan pH yana 7, mai dafin ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. A pH 8 kusan kashi biyar. A pH 9 ta haura kashi talatin da biyar. Amoniyar ba ta ƙaru ba, fuska kawai ta sauya. To ka ga kifin yana shan dafi da yamma, ya kwana cikin ƙarancin iska.

Nura Mai Kifi
Ikon Allah. To Injiniya, in na zubar da ruwan na zuba sabo, an gama?

Injiniya Lawal
Zai sauƙaƙa, amma ba a gama ba, saboda taɓon ƙasa. Fosfet yana son tsatsar ƙarfe, muddin akwai oksijin a ruwan yana manne da ita a cikin laka. Da oksijin ya ƙare a ƙasa, ƙarfen ya sauya ya narke, ya saki duk abin da ya riƙe. Masana biyu, Einsele a Jamus da Mortimer a Ingila, sun bayyana wannan tun wajen 1936 zuwa 1941. Haka nan idan pH ya yi sama sosai, riƙon yana sassautawa. Wato gansakuka tana jawo yanayin da ke ƙara mata abinci da kanta. Shi ya sa ake samun tafkin da aka daina zuba masa ƙazanta shekara da shekaru amma yana nan kore.

A aikace: rage abin da kake zuba musu zuwa iya abin da za su cinye nan take, ka daina sa taki tunda ruwan ya riga ya yi kauri, ka riƙa motsa ruwan ko ka kunna injin iska daga tsakar dare zuwa fitowar rana, ka sauya wani kaso na ruwan a hankali. Bayan ka kwashe kifi, ka kwashe baƙin taɓon nan, ka bar ƙasan ta bushe har ta tsage. Ka kuma sa a auna maka yawan bikabonet ɗin ruwan, don idan ya yi kaɗan pH zai riƙa lilo da yawa, kuma garin farar ƙasa na noma yana gyara wannan. Kada dai ka zuba ɗanyen laim mai zafi, wato ƙonanniyar farar ƙasa, kifi na ciki.

Zainab K.
Ashe ko a kududdufin ma bikabonet ne bafa.

Injiniya Lawal
Shi ne, a kogi da tafki da teku duka. Teku ma da ake cewa yana ƙara tsami, daga kusan 8.2 zuwa 8.1 tun farkon zamanin masana'antu, maganar CO2 da bikabonet ce. Kuma kada ƙanƙantar lambar ta ruɗe ki, 0.1 a wannan ma'auni ƙarin H+ ne na fiye da kashi ɗaya cikin huɗu.

Malam Isiyaku
Injiniya, ina da ja a kan wani abu. Kana magana kamar fosforas ne kaɗai mai laifi. Ni aikin ƙasa da taki na sani, kuma naitirojin ya fi saurin bin ruwa nesa ba kusa ba. Fosfet da ya taɓa ƙasa kamawa yake. Idan ƙasar mai tsami ce, ƙasa da pH 5.5, ƙarfe da alminiyam su riƙe shi. Idan ta haura 7.5, kalsiyam ya riƙe shi. Tsakanin 6 da 7 ne kawai shuka ke samun sa da sauƙi, kuma ko a nan abin da take ɗauka a shekarar farko bai cika wuce kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka zuba ba. Abin da ba ya motsi haka, ta yaya za a ɗora masa laifin lalata tafki?

Injiniya Lawal
Ranka ya daɗe, ba ya narkewa ya bi ruwa kamar naitiret, wannan haka yake. Amma ƙasar da ya manne da ita tana tafiya. Ruwan sama ɗaya mai ƙarfi ya wanke saman gona, jan ruwan nan da ke gangarawa da fosfet ɗinsa yake tafiya, ya je ya kwanta a gindin tafki yana jiran ranar da oksijin zai ƙare. Ga kuma bahaya da kashin dabbobi, ga garin sabulun wanki na da.

Kuma an yi wannan gardamar an gama da ita da gwaji, ba da baki ba. A ƙarshen shekarun 1960 tafkin Erie, da ke tsakanin Amurka da Kanada, ya lalace har jaridu na cewa ya mutu. Masu kamfanonin sabulu suka dage cewa kabon ne sila, ba fosfet ɗin da ke cikin kayansu ba. A 1973 David Schindler da abokan aikinsa suka samu wani tafki a arewa maso yammacin Ontario ta Kanada, Tafki na 226, mai siririn ƙugu a tsakiya. Suka raba shi biyu da labulen roba. Ɓangare ɗaya suka zuba kabon da naitirojin. Ɗaya ɓangaren suka zuba kabon da naitirojin da fosforas. Na farko ya zauna garau, na biyu ya koma kore kamar an zuba fenti. Hoton da aka ɗauka daga sama ya yi abin da dogon bayani bai yi ba. Amurka da Kanada sun riga sun sa hannu a yarjejeniyar tsabtace manyan tafkunansu a 1972, aka rage fosfet a sabulu da ruwan bahaya, Erie ya farfaɗo. Tarayyar Turai ma ta taƙaita shi a sabulun wankin kaya daga 2013.

Malam Isiyaku
To ai ga shi ka kawo mini hujja da kanka. Erie ɗin da ka ce ya farfaɗo, ba shi ne a watan Agustan 2014 aka hana mutanen birnin Toledo da ke bakinsa fiye da 400,000 shan ruwan famfo kusan kwana uku saboda dafin gansakuka ba? Kuma mashigin tekun Meziko fa, inda kogin Misisipi ke zuba? Matacciyar farfajiyar da ke can duk bazara, inda oksijin ke ƙarewa a ruwa, naitirojin ake fi ɗora wa. Ban ce fosforas ba shi da hannu ba. Na ce a ruwan gishiri lissafin ya sha bamban, kuma wanda ya rage ɗaya ya bar ɗaya, tura matsalar kawai ya yi zuwa gaba.

Injiniya Lawal
A kan teku da bakin kogi na yarda, naitirojin ne ya fi taƙaitawa. A kan Toledo ban yarda ba, domin abin da ya dawo da matsalar narkakken fosfet ne daga gonakin kwarin kogin Maumee da ke zuba cikin Erie. Kuma dalilin da ya sa nake fifita fosforas a tafki shi ne wasu nau'in gansakukar suna iya jawo naitirojin daga iska idan ka hana su. Fosforas ba shi da hanyar iska. Shi kaɗai ne ƙofar da za ka rufe ta rufu.

Malam Isiyaku
Nau'in da ya sa dafi a Toledo ba ya cikin masu jawo shi daga iska, Injiniya. A ruwan yake samu.

Injiniya Lawal
Wannan gaskiya ne, kuma masana ma har yanzu suna kan wannan jayayyar. Mu bar ta a nan kafin Malam Habu ya kore mu daga aji.

Abin dariyar shi ne mu masu aikin ruwan sha da hannunmu muke zuba fosfet a ruwa. Ɗan kaɗan, miligiram ɗaya zuwa uku a lita, don ya haɗu da darmar tsofaffin bututu ya yi ɓawon da ba ya narkewa. A garin Flint na jihar Michigan ta Amurka, da aka koma ɗiban ruwa daga kogi a Afrilun 2014 ba a zuba shi ba, ruwan kuma mai cin ƙarfe ne. Ɓawon ya zube, darma ta shiga ruwan da yara ke sha.

Dakta Rabi
Ɓawon nan da Injiniya ya ambata ɗan'uwan abin da ke bakinmu ne. Kusan kashi 85 cikin ɗari na fosforas ɗin jiki yana cikin ƙashi da haƙori, haɗe da kalsiyam. Farin saman haƙori yana fara narkewa idan pH ɗin da ke kansa ya sauka ƙasa da 5.5, abin da ke faruwa idan bakteriyar baki ta samu suga. Yawu ne ke dawo da shi, da bikabonet da fosfet da kalsiyam ɗin da ke cikinsa. Fuloraid kuma yana sauke wannan iyaka zuwa wajen 4.5. A ƙashi, jiki da kansa yake amfani da dabarar: ƙwayoyin da ke rushe tsohon ƙashi suna manna kansu a wurin su tsiyaya asid. Idan kuma ƙoda ta gaza, fosfet ya taru a jini ya haɗu da kalsiyam, sai ka ga hoton majinyaci jijiyoyin jininsa sun fito fari kamar ƙashi.

Malam Habu
Kuma shi ne dai abin da ake yi a masana'antar taki. John Lawes ya yi rajistar dabarar a Ingila a 1842: a zuba asid ɗin salfa a kan ƙashi ko dutsen fosfet, abin da ba ya narkewa ya koma mai narkewa. Haƙori mai ruɓewa da buhun takin supa, lissafinsu ɗaya. Shi kansa fosforas ɗin daga fitsari Hennig Brand ya fara fitar da shi a Hamburg a 1669, yana neman zinariya. Abin da Dakta ta ce ƙoda na zubarwa, shi mutumin nan ya tafasa.

Sadiq
Ni dai har yanzu ina shan ruwana.

Dakta Rabi
Sha abinka, ƙanina, ruwa ne. Kada dai ka ajiye maganin da likita ya rubuta maka saboda shi.

Zainab K.
Na gode ƙwarai, malamai. Anti Hassana, tambaya ta ƙarshe gare ki tunda ke ce a ɗakin gwaji. Za mu haɗa bafan fosfet mai pH 7.4 don ajiye wani furotin. Akwai abin da zan kiyaye?

Hassana
Akwai. Kada ki yarda da lissafin takarda kaɗai, ki sa mita ki auna bayan kin gama haɗawa, domin 7.2 ɗin littafi ta ruwa ce mai tsarki sosai, da gishiri ya yi yawa take sauka. Idan kika haɗa mai kauri kika tsarma shi daga baya, ki sake aunawa, zai motsa. Kada ki haɗa shi da ruwan da ke da kalsiyam mai yawa, nan take za ki ga ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara, wato fosfet ɗinki ya kwanta. Idan za ki ajiye shi ya kwana biyu ki tace ki sa a sanyi, don ƙwayoyin cuta suna son sa kamar yadda gansakukar Malam Nura ke son sa.

Babba kuma shi ne daskarewa. Idan na sodiyam kika yi amfani da shi kika jefa a firiza, gishirin mai caji biyu shi ke fara zama ƙanƙara ya fita daga ruwan, ya bar mai tsamin a baya. Ɗan ruwan da ya rage, inda furotin ɗinki ya taru, pH ɗinsa na iya faɗowa har wajen 4. Ki narke shi ki auna ki ga 7.4 lafiya lau, amma furotin ya riga ya lalace. In dole sai kin daskarar, ki yi da na fotasiyam, ko ki ƙara gilisarol, ki kuma raba shi ƙananan kwalabe don kada ki riƙa narkewa kina mayarwa.